Baffan da Ya Ce Shi Ne Mashayin

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baffa kuwa ya riga mu. Ya rasu wata Lahadi da hantsi a shaƙƙarsa, ɗakunan hayarsa na saman bene da ke unguwar Darrasa, yana zaune kan darduma, kofin shayi a gefensa bai shanye ba. Yayan mahaifin maigidana ne, amma duk Bahaushen da ya taɓa sauka Alƙahira da akwati Baffa yake ce masa, har da waɗanda suka kusa zama sa'anninsa.

Na yi zaman makoki da yawa a garin nan, ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Ɗalibai sun cika matattakalar bene har bakin titi, matan ma'aikatan ofishin jakadanci sun zo da kulolin shinkafa. Gaisuwar ce dai ta fito wata iri. A ɓangaren mata inda nake zuba shayi, sai mace ta ce Allah ya jiƙansa, sannan ta ƙara da cewa Allah ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Addu'a ce mai kyau, dole ka ce amin. Amma yadda ake jan wannan "abin da muka sani" shi ya riƙa ƙona min rai. Wata amaryar ɗalibi, wadda ko farashin burodin garin ba ta gama sani ba, ta matso ta raɗa min cewa an ce hanta ce ta kashe shi. Na ce mata zuciya ce, likita ya faɗa a gabana. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta riga ta gama yanke hukunci.

Bayan la'asar wasu Misirawa suka hawo. Ta bayan labule na hango su: wani dattijo mai farin gashi da zanen gicciye a tsintsiyar hannunsa, wani cikin kayan direban bas, da wani matashi mai tsadaddun takalma. Ba wanda ya san su. Suka bi layi suna miƙa hannu, suka ce wa maigidana "al-baƙa'u lillah", ta'aziyyarsu ke nan, kamar ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Dattijon ya zauna a bakin tabarma ya yi kuka sosai. Da wani ɗalibi ya tambaye su inda suka san mamacin, sai suka ce abokinsu ne na unguwar Ma'adi. Kafin su sauka ƙasa magana ta riga ta zagaye gidan cewa abokan kwalba ne suka zo gaisuwa.

Inna, matar Baffa, ta ji. Bahaushiyar Sudan ce, ba ta da yawan magana. Da mutane suka ragu ta kira ni ɗakinta, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, tun da na auri mutumin nan ni nake wanke masa kaya. Wallahi ban taɓa jin warin abin nan a jikinsa ba. Ko hancina ne ya mutu?"

Na ce mata hancinta ƙalau yake. Iyakar abin da na iya faɗa mata kenan, domin Baffa ya sa ni rantsuwa tun yana raye. A rubuce dai, ba tare da sunan kowa ba, zan faɗa: Baffa bai taɓa kurɓar giya ba. Mashayin danginmu maigidana ne, kuma waɗancan Misirawan 'yan taron da yake zuwa ne don ya daina.

Baffa ya zo ƙasar nan karatu tun yana saurayi, bai gama ba, bai kuma koma gida ba. Idan aka tambaye shi dalili sai ya ce jarrabawa ce ta ƙi shi, shi bai ƙi ta ba. Ya kama wani ɗan lungu kusa da babban masallaci yana ɗinke tsofaffin littattafai yana sayarwa, ya tsufa a cikin ƙamshin gam da takarda. Shi ke tarar sabon ɗalibi a filin jirgi, shi ke faɗa da simsar, dillalin gidaje, har a rage kuɗin haya, shi ke wanke gawar duk wanda ajali ya riska a nan cikin 'yan gida. Goron da baƙi ke kawo masa yana nannaɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma cikin firij, ya riƙa ɓantara yana ba mutum ɗan mitsitsi kamar mai raba zinariya. Sukarin shayinsa kuwa, na sha ce masa ya daina wahalar da ruwan zafi, ya riƙa cin sukarin da cokali kawai. Sai ya yi dariya ya ce Misirawa ne suka lalata shi.

Ba ya yarda da waya. Wayarsa irin ta da ce, mai maɓallai, ita ma rabin lokaci tana gida. Ko me aka ce masa, gida ne na haya ko asibiti ko mijin da za a ba wata, amsarsa ɗaya ce: "A je a gani da ƙafa." Muna yi masa dariya a kan haka, muna cewa Baffa zai iya zuwa Iskandariya a ƙasa don ya tabbatar akwai teku.

Maigidana ya gama karatun shari'a, yana neman digiri na biyu, abincinmu kuma daga tafinta yake fitowa. Shi ke raka marasa lafiya da 'yan kasuwar da ke zuwa daga gida, ya kai su asibiti, ya kai su canjin kuɗi a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ya zauna da su a otal. A nan ya koyo. Da farko ban gane ba, na ga dai mutumin da ba ya son kanumfari ya koma taunarsa kullum, turare kuma kamar wanda ya faɗa cikin kwalba. Daga baya sallar asuba ta fara wuce shi. Daga baya 'yarmu ta daina gudu bakin ƙofa idan ta ji mukullinsa. Aikin tafinta amana ce tsagwaronta, mutum zai damƙa maka matarsa da kuɗin aikin tiyatarta. Ranar da aka ce tafinta yana sha, ranar aikin ya ƙare, karatun ma ya bi shi.

Ba abin da ban yi ba. Na yi kuka, na yi yaji zuwa ɗakin Inna da sunan ciwon kai, na sa shi ya dafa Alƙur'ani. Ya dafa, ya karya, ya yi azumin kaffara, ya sake karyawa. Kowace rantsuwa da ya karya sai ya ƙara tsanar kansa, ya ƙara sha. Da na ga ba ni da sauran dabara sai na je lungun Baffa na faɗa masa komai, na ce zan kira surukina in gaya masa, a mai da ɗansa gida. Surukina limami ne a garinmu.

A nan muka yi faɗa, ni da Baffa, faɗan da ban taɓa yi da wani babba ba. Ya ce in na kira ƙanensa na kashe yaron. Ya ce ya san ƙanen nasa tun yana tsoron akuya, zai tsine wa ɗansa kafin ya gama jin maganar, daga baya ya zo yana kuka, kuma tsinuwa ba ta komawa baki. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Baffa, ku maza duk bakinku ɗaya. Ku rufa masa asiri, ni in ci gaba da goge amai." Ya ci gaba da jan zarensa a bayan littafi. Na fita ko sallama ban yi ba, na yi makonni ban taka gidansu ba.

Ashe duk wannan lokacin yana yawo. Wani mai kantin magani da ke sayen littattafai a wurinsa ne ya gaya masa cewa a garin nan akwai masu irin wannan larura da ke haɗuwa a ɗaki su zauna su yi magana, ba likita, ba ɗan sanda, ba a biyan komai, kuma wasu sun daina ta haka. Inda suke haɗuwar ne bai sani ba, don ba allo suke kafawa ba. Baffa ya shiga nema da ƙafa, a shekarunsa, da gwiwar da ke ƙara idan zai yi sujada. Ya je wani bene a Wustul Balad da aka kwatanta masa, ya tarar an mai da wurin shagon gyaran waya. Ya je asibitin masu taɓin hankali, suka ce ya kawo mara lafiyar a kwantar, ya ce ba kwanciya yake nema ba. Aka ba shi wata lamba, ya yi ta kira tana ƙara ba mai ɗauka. Aka ce akwai wani taro a zauren wani coci a Ma'adi, ya saka hularsa ya je, ya zauna cikin Turawa suna ta Turanci bai ji ko kalma ba, ya sha gahawarsu, ya jira suka tashi. A nan ne wani ya kwatanta masa inda ake yi da Larabci, a saman wani ƙaramin asibiti a unguwar.

A cikin yawon nan ne ya yi abin da ya jawo masa. Akwai wani ɗalibin likitanci ɗan gida, Baffa ne ma ya samo masa ɗaki lokacin da ya zo. Baffa ya tambaye shi ko ya san inda masu son barin giya ke taruwa. Mu kuwa ba a tambayarmu abu mu amsa mu yi shiru, sai mun ji na waye. Ɗalibin ya ce, "Subhanallahi, Baffa, wa ne ne a cikinmu?" Baffa ya san in ya ce wani ne, za a zauna a lissafa 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za a yi nisa ba za a iso kan mai taunar kanumfari. Sai ya ce, "Ka ɗauka ni ne."

Ya kuwa ɗauka. Ba da mugunta ya yaɗa ba, na yarda, ya gaya wa wani malami ne don a yi wa Baffa nasiha, malamin ya gaya wa wani don a taya shi addu'a. Haka muke yi, da addu'a muke kai labari gida gida. Sai kuma wani direban ofishin jakadanci ya ce ya ga Baffa yana fitowa daga coci, magana ta haɗu ta yi kyau. Ba wanda ya tare shi ya tambaye shi. Sai dai aka daina tura shi gaba idan an tsaya salla. Da wani ɗalibi ya rasu a wannan shekarar, wasu aka kira suka yi wankan, Baffa ya ji labari bayan an dawo daga maƙabarta. Inna ta ce ranar bai ci abinci ba.

Ni ban san duk wannan ba sai ranar da na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa da rana tsaka, na buɗe na ga Baffa yana haki, ya hawo benenmu mai tsawo, riƙe da ƙullin daddawa da busasshiyar kuɓewa da wani baƙo ya kawo masa daga gida. Ya miƙo min ya ce miyata ta fi ta Inna buƙatar taimako. Ban san lokacin da na durƙusa ina kuka ba. Ya ce, "Khalas, ya wuce, 'yata, tashi. Na samo wuri, kuma na gani da idona."

Kai maigidana wurin ya fi samo wurin wuya. Da ya ji cewa a can mutum yakan buɗe baki a gaban jama'a ya faɗi abin da yake yi, sai malantar ta motsa. Ya ce wannan ai mujahara ce, bayyana saɓo, kuma wanda Allah ya rufa wa asiri bai halatta ya tona kansa ba. Ya kawo maganganun malamai, har da shafi. Mutumin da jiya na cire wa takalmi yana kwance a bakin banɗaki, shi ne yau yake min fatawa. Baffa ya bar shi ya gama, sannan ya ce shi bai ci jarrabawa ba, amma ya zauna da mutanen nan, kuma bai ga wanda ke alfahari a cikinsu ba, ciwonsu suke nuna wa junansu. Ya ce, "Ka zo ka zauna kawai. In ka ga saɓo ake yi, ka tashi mu tafi, ni zan biya kuɗin mota."

Taron na ranar Talata ne bayan la'asar. Daga Darrasa sai an hau ƙaramar bas da suke kira mikrobas zuwa tashar Ataba, a shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a sauka a babbar tashar da ke ƙarƙashin Wustul Balad, a canza layi zuwa Ma'adi. Matsalar ita ce wannan tashar. Matattakalarta tana fitar da mutum daidai titunan da maigidana ya saba sha, wato hanyar magani ta bi ta ƙofar ciwon. Baffa ya gane haka tun tafiyar farko, don haka bai taɓa barin sa ya je shi kaɗai ba. Kowace Talata yakan rufe lungunsa, ya zo ya tsaya a ƙasan benenmu yana kiran yalla, a zo a tafi. A tashar sai ya ce idonsa ba ya gani a cikin cunkoso, a riƙe shi. Mutumin da ke zura zare a allura ba tabarau.

Yawancin zaman na masu larurar ne kaɗai, saboda haka Baffa yakan zauna a ƙasa kan benci tare da bawwab, mai gadin ginin, su sha shayi har a tashi. Ranar da aka buɗe wa 'yan'uwa sai ya hau, ya zauna a baya, ya raba musu goronsa. Misirawa suka yi ta yatsine fuska don ɗaci, amma dattijon nan mai farin gashi ya kamu da son sa, ya ce yana taimakon sa idan ƙishirwar abin ta taso. Al'adarsu ce in sun haɗu a waje su yi kamar ba su san juna ba, don kada wani ya tona wani. Shi ya sa suka gaishe da maigidana a wurin makoki kamar baƙo.

Ba zan ce ya warke ba, don bai warke ba. An yi watanni masu kyau, har na fara sakin jiki, har 'yarmu ta koma gudu bakin ƙofa. Sai ya faɗi. Baffa ya zo ranar Talata kamar ba abin da ya faru, ya ce shi da yau yake ciniki, jiya ta rufe shago. Aka sake wasu watanni, ya sake faɗi. Abin da ya fi cin maigidana shi ne raɗe-raɗin da ake yi a kan Baffa, ya san nauyinsa ne tsohon ya ɗauka. Wata rana ya ce zai miƙe a masallaci bayan salla ya faɗi gaskiya. Ban taɓa ganin Baffa ya fusata kamar ranar ba. Ya ce, "Ni na gama cin abinci da sunana. Kai yanzu ka fara. In ka faɗa, ko ke in kin faɗa, ban yafe ba." Ranar ya sa mu rantsuwar.

Bayan rasuwar maigidana bai sha ba har aka yi sadakar bakwai. Shi ya wanke Baffa da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa ba. Ina kallon sa yana karɓar gaisuwa, ana ce masa Allah ya yafe wa Baffa abin da aka sani, yana cewa amin, fuskarsa tana ƙara duhu. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Da Talata ta zagayo na goge masa riga, na ce yau ni zan raka shi. Bai musa ba. Na kai 'yarmu wurin Inna na ce asibiti za mu je. Muka hau mikrobas, muka shiga metro na farko. Muka sauka a babbar tasha daidai lokacin tashin ma'aikata, jama'a kamar za su ɗaga mutum sama. Muka bi ta dogon lungu zuwa layin Ma'adi ina manne da shi. Jirgi ya iso, aka fara turereniya, taragon mata ya tsaya daidai gabana. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa shiga na maza ba, shi da kansa ya koya min haka, don kada a matse ni. Ya ce, "Shiga, ina na kusa da ke." Ƙafata ta shiga kafin kaina ya yi tunani, ƙofa ta rufe.

A Ma'adi na sauka na tsaya ina duban taragon kusa. Mutane suka fito suka watse, ba shi. Na ce wataƙila cunkoso ne ya hana shi shiga, na jira jirgi na gaba, na jira na bayansa. Na kira wayarsa, a kashe.

Ban juya ba. Na bi kwatancen da na sha ji a bakinsu, na yi tambaya har na sami ƙaramin asibitin. Bawwab ya gane ni daga irin tufafina, ya yi min ta'aziyya da hannu a ƙirji, ya hau ya kira dattijon nan mai farin gashi. Ya sauko ya tambaye ni ina maigidana. Na ce yana hanya. Ya dube ni na ɗan lokaci, irin kallon wanda ya sha jin wannan amsa, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya madam. Kujerarsa tana nan kowace Talata. Amma mu ba ma iya zuwa mu ɗauko mutum." Ya ce akwai zaman da matan masu larurar ke yi su kaɗai, in ina so zai kwatanta min. Na ce na gode. Na zauna a ƙasa ina kallon ƙofa har na ji ana jan kujeru a sama ana jera su, aka yi kiran magariba, suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka wuce ni kamar ba su san dalilin zamana ba.

Da na je ɗaukar 'yarmu Inna ta tambaye ni abin da likita ya ce, na ce ya ce mu dawo mako mai zuwa. Kwana biyu kenan yau, maigidana bai dawo gida ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya wanke sunansa a can tunda mu an ɗaure mana baki a nan. Allah ya ba Inna haƙuri. Duk abin da tsohon nan ya sha wuya ya nemo yana hannuna yanzu: na san tashar, na san ginin, na san ranar da lokacin. Wanda zan kai ne ban san inda yake ba.